Gaisuwar Sanda a Bakin Iyakar Makka

Ku da kuke cewa tuƙin barrada zaman kujera ne cikin sanyi, ku matso kusa. Barrada ita ce motar nan mai ɗakin sanyi a baya, wadda take kawo muku kajin da kuke ci da nonon da kuke sha, ba ku taɓa tambayar yadda suka ƙetaro zafin Jidda ba su lalace ba. Sanyin na kaya ne, ba na direba ba. Zamanin da na fara, gaban motar tanderu ne, sitiyari kuwa sai ka naɗa masa tsumma kafin ka iya riƙe shi da azahar.

Kawu Haruna, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini. Direbobi Usta suke ce masa, wato gwanin da ake koyo a hannunsa. Aikin farko da ya ba ni ba tuƙi ba ne, wankin ɗakin sanyi ne. An sauke kifi a ranar, gobe kuma nono za a ɗauka. Na wanke da ruwan zafi da sabulu har bayana ya ƙage, na fito ina murna. Ya shiga, ya rufe ƙofa, ya ɗan jima, ya fito ya ce, "Idi, nono yana da hanci. Koma." Sai da na tsugunna na goge ramin da ruwa yake bi ya fita, a can warin ya ɓuya. Na daɗe a kan wanki da lodi kafin ya bar ni na taɓa makulli.

Lodi ma ilimi ne. Ba a jingina kwali da bango, ba a cika shi har rufi, sai an bar wa iska hanya, in ba haka ba na gaba ya daskare, na baya ya yi gumi. Latas da tumatir ba sa kwana kusa da bakin injin sanyi, sanyi yana ƙona su kamar yadda wuta take yi. Kawu yakan ce, "Mota biyu kake tuƙawa, ɗaya tana tafiya, ɗaya tana sanyaya. Kunnenka na dama na ta farko ne, na hagu na ta biyu." A akwatinsa kullum akwai bel na ajiya, robar nan mai juya injin sanyi, da spana, da 'yar guduma ta bugun taya a ji ko iska ta ragu, da ma'aunin sanyi mai dogon tsinke da ake sokawa cikin kwali. Wannan tsinken shi ne alƙalinmu. Mai kula da sito a otal ba ya duban fuskarka, ba ya jin uzurin cunkoso, tsinke yake sokawa. In ya nuna kaya sun yi ɗumi, ka koma da su, ko da alhazai na jiran abinci a sama.

Kai kaya Jarwal a lokacin aikin Hajji, wannan shi ne jarrabawar direba. Unguwarmu ce, a can aka haife ni, amma lungunanta ba don mota aka yi su ba. Ka shiga da baya, madubi a naɗe, alhazai suna gilmawa ta kowane gefe, wani tsoho ya shimfiɗa darduma daidai bayan taya, mai dafa wa alhazan Kano abinci tana tsaye bisa matakala tana ce maka, "Ɗan nan, in kajina sun narke kai za ka ci su." Duk wannan injin sanyi na kunne, kana saurarensa.

Bayan Kawu ya ajiye aiki na shiga wani kamfani mai kawo abinci daga tashar jiragen ruwa ta Jidda. Direbobinsu na can ba duka ne Musulmi ba, kuma kun san wanda ba Musulmi ba iyakarsa Shumaisi, inda shingen bincike yake, inda hanya take rabuwa, allo ya nuna masa tasa. Don haka aka tsara abin kamar haka: direban Jidda ya kawo mota cike zuwa wani fili a bayan gidan mai, kafin shingen, ni in fito daga Makka da wadda aka sauke, mu yi musaya. Shi ya juya da wofi, ni in shiga gari da kaya. Mota biyu, direba biyu, kowa da rabin hanyarsa.

Ranar da aka haɗa ni da sabon abokin musaya, na iske shi tsaye a inuwar motar, siriri, gashin baki ya fara furfura, riga a soke cikin wando. Mutumin arewacin Indiya ne, mabiyin addinin Hindu, sunansa Sundar. Harshena ya ƙi sunan, na mayar da shi Sanda, ya karɓa har ƙarshe. Na miƙa masa hannu kamar yadda ake yi. Bai karɓa ba. Sai ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji, yatsu na kallon sama, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, "Namaste." Hannuna ya tsaya a iska. Wanda aka haifa baƙar fata a garin nan, kakansa ya zo da ƙafa daga ƙasar Kano, ya san hannun da ake bari a iska, kuma ya san abin da ake nufi da shi. Na janye, na karɓi makulli, na hau mota.

Haka muka yi ta yi wani lokaci. Ya haɗa tafuka, ni in gyaɗa kai. Amma ko ba ka magana da mutum, in kuna raba kujera ɗaya sai ka san shi. Kullum nakan iske gaban motar a share, gilashi a goge, ruwan sha a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya yi zafi. Yana da ɗan hoton abin bautarsu da yake kafawa gabansa in yana tuƙi, amma kafin ya miƙo makulli ya cire shi ya sa a aljihu, ban taɓa iske shi ba. Wata rana na manta carbina da kaset ɗin karatu a kan kujera. Washegari na same su a naɗe cikin farin ƙyalle mai tsabta, an ɗora su can sama, inda ba abin da zai hau kansu.

Wani lodin kaji a tsakiyar zafi shi ya buɗe bakinmu. Ina isowa filin na ji shiru ta gefen kunnen hagu, injin sanyin motarsa ya tsaya. Sanda yana bisa rufin gaban mota, ya buɗe murfi, bel ya tsinke ya naɗe. Kaji masu ƙanƙara a irin wannan rana ba sa jiran makaniki daga Jidda. Na ɗauko bel ɗin ajiya, na hau. Ƙarfe yana ƙuna, wurin ƙunci ne, dole ɗaya ya danne, ɗaya ya ja. Ya kama wuyan hannuna ya kai shi inda yake so in riƙe, ya ɗora nasa a kai, muka ja tare. Da bel ya zauna, injin ya tashi, sai na ga gefen tafinsa ya ƙone ya tashi. Na sauko da shi, na zuba masa ruwan sanyi, na ɗaure masa da tsumma. Hannun yana cikin nawa na ce masa, da irin gurgun Larabcin da muke yi da su, "Ashe kana taɓa baƙin mutum?"

Ya dube ni bai gane ba. Da na tuna masa ranar farko, sai ya riƙe baki. Ya ce tun yana sabon zuwa aka gargaɗe shi cewa mutanen gari mai tsarki ba sa son hannun irinsa, in ya taɓa su sai sun je sun wanke. Shi kuma ya ga ni daga cikin garin nake fitowa kullum, sai ya gaishe ni da gaisuwar da ta fi kowace daraja a wurinsa, wadda ba za ta ɓata mini tsarki ba. Na ce masa wanda ya gaya masa haka bai san addinin ba. Muka zauna a inuwa, mai shayin gidan man ya kawo mana kofi biyu, na tambaye shi mene ne ma'anar abin.

Ya ce kalmar kanta tana nufin "na sunkuya maka." Ya ɗaga hannun da ba ciwo ya ce wannan na dama, shi ake ci da shi, shi ake bayarwa da shi. Na hagu kuwa na aikin ƙazanta ne, kamar yadda yake a wurinmu. In mutum ya haɗa su, ya kawo kansa gaba ɗaya ke nan, mai kyau da marar kyau, bai ɓoye rabi a bayansa ba. "Hannu a haɗe ba ya riƙe dutse, Idris bai," in ji shi. Bai ɗin nan ɗan'uwa ke nan a harshensu. "Ba ya nuna ka da yatsa, ba ya karɓar komai daga gare ka." Ya ce a kan zuciya ake ɗora shi don daga can gaisuwar take fitowa. Sa'an nan ya dube ni, kamar mai auna ko zan iya ɗaukar sauran. Ya ce mahaifiyarsa ta koya masa cewa a cikin kowane mai rai akwai wani haske daga Mahalicci, shi ake gaisarwa, ba riga ba, ba launi ba, ba takardar zama ba. Shi ya sa mai kamfani da mai shara gaisuwa ɗaya yake yi musu.

Na ce masa, "A nan muka rabu, Sanda. Mu a wurinmu Allah ba ya cikin halittarsa, babu abin da ya yi kama da shi. Amma ya girmama ɗan Adam, ya busa masa rai."

Ya kaɗa kai irin kaɗawarsu ta gefe da gefe, ya ce, "To, ka ɗauka wannan girman nake gaisarwa."

Ban bar abin a nan ba, na kai wa Malam Sule, limamin ƙaramin masallacin lungunmu a Jarwal. Ya saurara har na gama. Ya ce kada in sunkuya wa kowa, kada in kwaikwayi abin da yake da tushe a ibadarsu, amma mutumin da ya girmama ni ban da hujjar tsuke masa fuska. "Kana da hannu, kana da ƙirji," in ji shi. Tun daga ranar gaisuwarmu ta zauna. Ina sauka daga mota shi ya haɗa tafuka, ni in ɗora dama a ƙirji, sa'an nan mu yi musabaha mu tambayi iyali. Direbobin filin har dariya suke yi mana, wai gaisuwarmu ta fi lodinmu tsawo.

A hankali na gane abin hawa-hawa ne. A ƙirji na tsara ne da baƙo. In ya kai tafukan goshi, to babba ne, ko malami, ko iyaye. In an ɗaga su bisa kai, wannan na bauta ne, ya ce ba zan taɓa ganinsa a wurinsa ba a ƙasar nan, a ɗakinsa yake yi. Kafin ya tayar da mota yakan taɓa sitiyari ya haɗa hannu na ɗan lokaci, wai abin da kake cin abinci da shi ba a hawansa kamar jaki. Ni in yi bismilla a tawa, shi ya yi nasa a tasa, mu fita filin, ɗaya gabas, ɗaya yamma. Ku da kuke aika wa juna ɗan hoton hannuwan nan a waya in an yi muku alheri, ga inda na san shi, a jikin mutum mai baƙin mai a farce.

Wani lodin nono na azumi ba na manta shi. Na iso a makare, rana ta kusa faɗuwa, cunkoso ya riƙe ni tun daga unguwar Kudai. Na iske Sanda ya juya motar ta fuskanci hanya, ya duba tayoyi, ya soka tsinke ya tabbatar da sanyi, don kada in ɓata lokaci. A kan kujera ga dabino da ruwa. Shi kansa tun safe bai sha komai a gaban kowa ba. Duk watan haka yake yi, in ƙishirwa ta dame shi sai ya zaga bayan mota. Mutumin da yake jan kaji tan-tan bai taɓa sa nama a bakinsa ba tun haihuwa, abincinsa wake ne da gurasa a ɗan kwanon ƙarfe mai hawa-hawa.

Da na ba Inna, mahaifiyata, wannan labari, sai ta ce, "Wake? Ai kuwa ya zo gidan wake." Ta fara ba ni ɗanwake da man gyaɗa da yaji in kai masa, wani lokaci ƙosai, wani lokaci alala, kuma a tukunyar da ba ta taɓa ganin nama ba, don ta sayi sabuwa musamman. Kwanon da nake kai masa abincin ba ya dawowa wofi, sai da wani zaƙi na madara da yake dafawa da kansa. Shekaru suna wannan musaya ba su ga juna ba. Lokacin da aka rushe lungunmu na Jarwal muka ƙauro nan Ka'akiyya, tukunyar Sanda a cinyarta ta riƙo ta cikin mota.

Bayan ƙaurar ne ta ce in kai ta ta ga mai cin ɗanwakenta. Ranar hutuna na ɗauke ta a ƙaramar mota muka fita ta shingen. Tana saukowa da sandarta, Sanda ya taho da sauri, ya kai tafukansa har goshi, ya ce, "Mata ji," wato uwa. Sai ya duƙa zai taɓa ƙafafunta, haka suke yi wa iyaye. Inna ta ja da baya, ta ce, "A'a, ɗan nan, tashi. Ba a yi wa mutum haka." Na fassara masa. Ya miƙe, hannuwan dai suna haɗe. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce da ni, "Wannan gaisuwa tasa ta hutar da mace, ba sai ta ɓoye hannu a mayafi ba." Ta tambaye shi uwarsa, ya ce ta rasu yana nan, bai samu zuwa ba. Ta tambaye shi 'ya'ya, ya ce mace ɗaya, Mira, tana makaranta. Suka zauna a inuwar barrada, ita kan kujerar roba, shi a tsugune, ina tsakani ina juya magana, har ta gaji. Da za mu tafi ta ce, "Allah ya shirye ka, ya mayar da kai gida lafiya." Na fassara duka, ban rage ba. Ya ce addu'ar uwa ba a zaɓar mata kalma.

Da Inna ta rasu aka yi mata salla a Harami, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, har waɗanda ban sani ba. Mutum ɗaya ne ba shi da hanyar zuwa. Ranar da na koma aiki na iske shi tsaye ba a inuwa ba, a bakin filin, inda ake hango duwatsun da suka tare garin. Ya juya ya fuskanci wajen, ya kai tafukansa goshi, ya daɗe a haka, motoci na wucewa. Sa'an nan ya juyo ya rungume ni. Kayan ranar kayan lambu ne, na tuna, don sai da na shiga gari na lura ban soka tsinke ba, karo na farko tun zamanin Kawu.

Kun san shekarar annoba, ba sai na ba ku labarinta ba, amma ba ku san ta daga kujerar barrada ba. Da farko umara aka tsayar. Otal-otal suka fara rage oda, mai karɓar mota guda ya koma rabi, mai rabi ya ce a dakata. Aka ce kada a yi musabaha, a tsaya nesa da juna. Makulli ma sai mu ajiye shi a kan taya, ɗaya ya ja baya, ɗaya ya ɗauka ya goge. Sanda yana daga can da ƙyalle a hanci, ya haɗa tafukansa, idanunsa na dariya, ya ce, "Ka gani, Idris bai, duniya duka ta zo makarantar mahaifiyata."

Daga nan aka rufe garin gaba ɗaya, ba shiga ba fita sai mai izini. Motocin abinci suna da izini, amma namu kayan na otal ne, otal kuwa ba kowa. Kamfani ya ajiye motocinmu biyu, ya ce mu zauna a gida. Na zauna a Ka'akiyya ina jin kiran salla ana cewa a yi a gida. Titin Kudai da ba ya kwana, in ka leƙa sai kuliyoyi. Sito cike da kaji ba mai saye, aka yi ta rabawa unguwanni kafin su lalace. Iyakar da ta hana Sanda shigowa duk shekarun nan, yanzu ta hana ni fita.

A cikin wannan zaman ya kira ni. Ya ce kamfani ya sallami direbobin Jidda, an sa sunansa a jirgin da zai kwashe mutanensu. Na ce ya jira a buɗe hanya in zo, ko daga nesa ne. Ya ce jirgi ba ya jira. Ya ce ya bar bel sabo a bayan kujerar motar da ta rage a hannunsa, kuma tayar baya ta hagu tana cin gefe, in gaya wa duk wanda zai karɓa. Sai ya ce, "Hannuna a haɗe yake, ba ka gani ne kawai." Na ce, "Nawa yana ƙirji." Iyakar sallamarmu ke nan.

Da aka buɗe gari motocin an sayar da su. Na yi ɗan aiki da wasu, amma tsarin musaya ya mutu, yanzu direba ɗaya ne daga tasha har sito. Idona ma ya fara gajiya, na ajiye. Muna gaisawa da Sanda a waya lokaci-lokaci. Ya ce ya sayi saniya, ya aurar da Mira, yana zama a ƙofar gida yana jin motoci a babban titi yana gane wadda bel ɗinta ya saki. Sai annobar ta koma ƙasarsu da ƙarfi. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira, waya a kashe. Na yi ta kira har na daina gaya wa mutanen gida ina kira.

Wata la'asar ina zaune a nan inda kuke, wayar ta yi ƙara da lambarsa, kiran hoto. Na ɗauka da sauri. Wata matashiya ce da farin mayafi, gefenta wani saurayi. Ta kai tafukanta goshi. Saurayin ya ce shi mijin Mira ne, ya taɓa aiki a Dammam, yana jin Larabci kaɗan. Ya ce Baba ya rasu tun lokacin zafin ciwon, numfashi ya gagare shi. Wayar tana cikin kayansa, sai yanzu Mira ta iya buɗe ta, ta ga kirana jere.

Abin da ya zo bakina shi ne abin da muke faɗa in an yi mutuwa, daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na faɗa, don wannan gaskiya ce a kan kowa. Abin da yake biyo baya a al'adarmu kuwa, roƙa wa mamaci gafara, ban faɗa ba. Na san iyakar da addinina ya sa mini, ban ƙetare ta ba. Na ce da ita mahaifinta mutum ne mai amana, ban taɓa karɓar mota daga hannunsa na same ta da aibin da ya ɓoye mini ba, kuma al'amarinsa yana hannun wanda ya halicce shi, wanda ba ya zaluntar kowa. Mijin ya fassara. Ta share ido da gefen mayafi.

Sai ta yi wata doguwar magana, mijin ya juya mini ita guntu-guntu. Ta ce tun tana ƙarama in ya zo hutu takan tambaye shi ina yake kai kayan nan. Yakan ce wani gari ne a bayan duwatsu, mutane suna zuwa masa daga ko'ina cikin duniya da fararen tufafi suna kuka, shi kuma yana kai musu abinci har bakin ƙofa. Takan ce, yaya garin yake? Sai ya ce bai sani ba, amma yana da ɗan'uwa a ciki. Ta ce sau da yawa ya so ya tambaye ni, yana jin nauyi, kada ya zama ya leƙa abin da ba a ba shi ba.

Duk zaman da muka yi, duk shayin da muka sha a filin nan, bai taɓa ce mini yaya Makka take ba. Ni kuma ban taɓa tunanin in faɗa masa ba.

Mira ta ce, "Chacha," wato baffa, "ko za ka gaya mini ni?"

Na ce ta dakata. Na tashi da wayar a hannu, na hau matakalar gidan nan a hankali, gwiwa tana ƙara, har saman rufi. Na juya mata fuskar wayar. Daga Ka'akiyya ba a ganin komai na a zo a gani, tankunan ruwa ne, da shanyar maƙwabta, da baƙaƙen duwatsu, sai can nesa kan dogon agogon da yake tsaye bisa Harami. Na nuna mata wajen da Jarwal take, inda aka haife ni. Na nuna mata hanyar da take fita zuwa Jidda, na ce ta nan kayan babanki suke shigowa. Ina cikin magana rana ta faɗi, masallacin unguwa ya ɗauki kiran magariba, na gaba ya karɓa, na bayan dutse ya karɓa, har garin duka ya ɗauka. Na riƙe wayar sama, ban sauke ba sai da ladanin ƙarshe ya gama.